Da Baya Take Fita

Shekara ashirin da tara Innar Nas ta yi tana sharar hawa na huɗu a wani otal, kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa fitowa daga ɗakin baƙo tana kallon ƙofa ba. Da baya take fita. Haka aka koya mata tun makonta na farko: ki fara daga jikin taga, ki tura injin shara gaba, ki jawo shi, ki ja da baya taku ɗaya, har ki ji dugaduganki sun taɓa dokin ƙofa. Sai gashin kafet ya kwanta layi-layi, ba sawun kowa a kai. Wadda ta koya mata ita ce shugabar masu shara, wata doguwar mata da suke kira Mai Farin Hankici, don da shi take shafa saman ƙofofi tana neman laifi.

"Baƙo so yake ya ji shi ne mutum na farko da ya taɓa shiga ɗakin nan," in ji ta. "In ya ga sawunki, ya san da ke. Ba a so a san da ke."

Innar Nas ta riƙe maganar nan gam. Mai Farin Hankici ta ajiye aiki, ta rasu, otal ya canja hannu sau biyu, an canja launin rigar aiki sau huɗu, ita dai tana nan tana ja da baya, ɗaki goma sha shida kowace rana. Masu cewa shara ba sana'a ba ce su je su gwada, mu gani ko za su kai ɗaki na uku ba su nemi kujera ba. Inji bakwai ne suka tsufa a hannunta. Daga kukan inji take gane ya haɗiye fil ɗin gashi ne ko jakarsa ce ta cika. Mai gyaran otal ma, in abu ya ɗaure masa kai, sai ya hau hawa na huɗu ya kunna mata ta saurara.

A gidanta kuwa tsintsiya ce. Mijinta a maɗaba'a yake aiki, yini yake cikin rugugin injuna, ya dawo kansa na sara. Da ta taɓa kawo maganar sayen inji, sai ya ce, "Ke kin yini da naki, ni na yini da nawa. Gidan ma sai mun ɗauko masa mai ihu?" Ba ta sake ta da zancen ba. Kafet ɗin falonsu ma na otal ne. Shekarar da aka sabunta hawa na huɗu aka ce ma'aikata su kwashi tsohon, mijin ne ya hau da shi bene a kafaɗa, ya yanka da wuƙar yankan takarda ta wurin aikinsu, ya shimfiɗa daga taga har bakin ƙofar shigowa. Ruwan ƙasa ne mai kauri, irin wanda ko kyanwa ta taka sai an gani. A sunkuye take share shi, da safe kafin ta tafi sharar mutane, da yamma bayan ta dawo. Mijin ya rasu shekara shida ke nan, amma tsintsiyar ta zauna, don an riga an saba.

Wata huɗu da ajiye aikinta, bayanta shi ma ya ajiye nasa. Ta sunkuya za ta kwashe shara da safe, sai wani abu ya ƙulle a ƙugunta, ta kasa miƙewa, ta kasa zama. Ta sulale a kan kafet, kuncinta a ƙasa, idonta a ƙarƙashin kujera, inda ta hango ƙurar da tsintsiya ba ta kaiwa. Wannan ya ƙara mata baƙin ciki a kan ciwon. Sai da rana ta ɗaga telan da ƙofarsa ke kallon tata ya ga shirun ya yi yawa, don sautin tsintsiyarta ne agogonsa. Shi ya kira 'yarta.

'Yar ita ce nas ɗin da ake kiran uwar da ita. Ita kaɗai gare ta, tana aure a can ɗaya gefen gari, da miji malamin makaranta da yara uku. Likita ya ɗaga hoton ƙashi ya ce ba sunkuyo, ba ɗaukan kaya. Nas kuma ta ɗora nata a kai, don 'yar da ta yi karatun asibiti ta fi likita tsanani.

"Inna, na gyara miki ɗakin baya. An fitar da teburin guga, an sa labule."

"Wa ya ce miki ina neman ɗaki?"

"Bayanki."

"Bayana ba shi da baki."

"Yana da shi. Ranar Talata ya yi magana, har ƙasa ya kai ki."

Innar Nas ta san ɗakin bayan nan, tagarsa katangar maƙwabta take kallo. Surukin mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa shi ne abin tsoron: za a dinga gaishe ta da ladabi safe da yamma, a hana yara gudu don tana barci, a tambaye ta me take son ci, har ranar da za ta mutu. Ta san yadda ake yi da baƙo, ai aikinta ne. A nan kuwa ta san wace taga ce ke cijewa, ta san inda rana ke faɗowa da hantsi, ga kujerar marigayi a inda ya bar ta. Tsoro ta ji, tsoro na gaske, don ta san in ta sauka benen nan da jaka, ba za ta sake hawansa ba.

"Shara ce matsalar, ko?" ta tambaya.

"Sunkuyon ne matsalar."

"To a saya mini inji mai tsayuwa. A tsaye na yi shekara ashirin da tara ban faɗi ba. A gidana na faɗi, da tsintsiya a hannu."

Nas ta daɗe tana kallonta. Ita ma a gajiye take, idanunta sun faɗa, takalman aikinta sun karkace ta gefe guda.

"Wata ɗaya," ta ce. "In na zo na ga tsintsiya a hannunki, ko na ga wani abin da hankalina bai kwanta da shi ba, ni da kaina zan haɗa jakar. Kuma ba za mu yi musu ba."

"Na ji."

Ranar Asabar suka je wani babban kantin kayan lantarki, mai fitilu masu kashe ido da talabijin goma suna nuna fuska ɗaya. Mai sayarwa mutum ne mai furfura a gefen kai, da ɗan tumbi, da murmushin da ya sha aiki. Nas ya nufa da gaisuwa, Nas ya tambaya me ake so. Tsohuwar da ke dafe da ƙugu a gefe bai ko kalle ta ba, ita kuma ba ta ji komai ba, ta saba.

Ya fara da mai tukunya, irin wanda ake ja a baya da dogon hanci.

"Wannan bin dugadugaina zai dinga yi," in ji Inna. "In ya maƙale a ƙafar kujera, wa zai sunkuya ya ciro shi?"

Sai ya ɗauko wani ɗan faifai mai yawo da kansa a ƙasa. Nas har ta fara murmushi, ta ce ai wannan shi ne maganin komai.

"In ya ƙoshi, wa zai ɗauke shi daga ƙasa ya zubar?" Inna ta tambaya. "Ka kai mu wurin masu tsayuwa, malam, ƙafata ba ta da yawa."

Suna jere a jikin bango a bakin wani ɗan guntun kafet na gwaji. Mai sayarwa ya ɗebo wasu fararen ƙwayoyi marasa nauyi a gwangwani zai watsa, sai ta ɗaga masa hannu. Ta buɗe jakarta ta zaro ƙullin leda. Sharar falonta ce, tela ne ya share mata da safe ya ƙulle: yashin takalma, guntayen zaren da iska ke kawowa daga ɗakinsa, gashin kai, ɓarɓashin burodi, 'yan ƙwayoyin shinkafa. Ta zazzage a kan kafet ɗin kanti, ta sa diddigen takalmi ta murza sosai har ta shige. Nas ta rufe fuska da hannu ɗaya.

"Mama, ai da kin bari..." in ji mai sayarwa.

"Taka sharar ta ado ce. Ko tari ka yi za ta tashi. Wannan ita ce ta gidana, ita za a sha fama da ita."

Na farko makunninsa a ƙasa yake, kusa da taya. Ta kalle shi kawai ta wuce. Na biyu ta kama ta tura sau ɗaya, ta ji ya ja mata kafaɗa har wuya, ta ce wannan shi zai share ta. Na uku ja ne mai ƙyalli, shi mai sayarwa ya fi yabo, ya ce kowa shi yake ɗauka. Aka kunna, ya cika kantin da ƙara. Ta karkata kai ta saurara.

"Ihunsa ya fi cinsa. Iska na zurara ta gefe."

"Sabo ne fil, Mama."

"Shafa ka ji."

Ya durƙusa da ƙyar, ya shafa inda injin ya bi, ya ɗago tafin hannunsa da yashi. Ya goge a wandonsa.

A ƙarshen layi akwai wani ruwan toka, ba ado, wanda bai yi niyyar nunawa ba, ya ce tsohon yayi ne. Ta matsa ta tsaya a bayansa. Mariƙin ya zo mata daidai ƙugu. Makunni a ƙarƙashin babban yatsa. Ta taka wani ɗan harshe da ƙafa, jikin injin ya kwanto mata ba gardama. Akwatin ƙurar daga sama ake zare shi, ba sai an durƙusa ba. Ta sa mai sayarwa ya ɗora shi a tebur ya kife, ta ga burushin na fita ba sai da sukuddireba ba, wato in gashi ya naɗe, tela zai iya cirewa. Da aka sauke aka kunna, muryarsa ƙasa-ƙasa ce, tana ƙara nauyi in ya sami yashi. Ta lumshe ido. Hannunta ya tura, ya jawo, ƙafarta ta ja da baya, ya tura, ya jawo, ta sake ja da baya, har sai da ta ji ta bugi ƙofar wani firiji. Nas ta yi dariya, karon farko tun ranar Talata.

"Wayarsa fa?" Inna ta tambaya. "Za ta kai daga ƙofar shigowa zuwa taga?"

"Inna, ai akwai soket a jikin taga."

"Na ƙasa ne. Na bakin ƙofa shi ne a sama, inda babanki ya sa don guga."

Gaskiya ta faɗa. Sai dai ba ita ce duka gaskiyar ba, kuma ita kanta ba ta sani ba. A otal kullum a bakin ƙofa ake sa waya, don a nan ake gamawa.

Mai sayarwa ya warware wayar ya auna da taku, ta kai har da saura. Yana naɗewa ya ɗago ya dube ta, kallon farko na sosai.

"Mama, a ina kika yi aiki?"

"Ɗakunan mutane."

"Da kin zo nan kina taya mu sayarwa."

"Na gaji, malam," ta ce. "A sa mana shi a kwali."

Surukin ne ya hau da shi bene ranar Lahadi, ya gaishe ta da ladabi, ya tafi. Litinin da hantsi ta dafa shayi, ta ajiye a ɗan teburin jikin taga tare da ƙwayar maganin da za ta sha da ƙarfe goma sha ɗaya. Ta ce bari ya ɗan huce, ta gwada baƙon nata. Ta sa waya a bakin ƙofa. Kafin ta danna makunni ta dubi kujerar marigayi.

"Ka yi haƙuri, baban Nas," ta ce. "Ba mai ihu ba ne sosai."

Ta share uwar ɗaka, sannan ta fito falo ta fara daga taga. Kafet ɗin da ya yi shekaru a kwance ya fara tashi, launinsa na dawowa, tana jin yashi na ƙararrawa a cikin bututu. Ɗumin injin da ɗan warin roba suka taso mata, warin hawa na huɗu sak. Bayanta bai ce uffan ba. Ta tura, ta jawo, ta ja da baya. Layi ya kwanta kusa da layi, ɗaya mai duhu, ɗaya mai haske. Ba ta tunanin komai, kuma ta daɗe ba ta ji daɗi irin wannan ba. Dugaduganta suka taɓa dokin ƙofa, ta tsallaka, ta goge taku na ƙarshe, ta kashe. Ta miƙa hannu ta zare waya, ta naɗe, ta zura silifas ɗinta da ke waje.

Sannan ta duba. A duk ɗakunan da ta yi a rayuwarta ba ta jin akwai wanda ya kai wannan. Rana ta faɗo a kan layukan, ga kofin shayi can yana ɗan tururi.

Ta ɗaga ƙafa za ta shiga, ƙafar ta ƙi sauka.

Ta mayar da ita, ta yi wa kanta tsaki. Gidanki ne fa, tsohuwar banza. Ta sake ɗagawa, ta ji ƙirjinta ya riƙe, irin riƙewar da yake yi in ta jiyo takun Mai Farin Hankici a baranda. Sai ta ce to, a bar shi ya ɗan zauna haka, minti biyar, ai ba a kan wuta take ba. Tela ya leƙo da almakashi a hannu, ya tambaya ko lafiya. Ta ce iska take sha. Ya kalli saman benen da ba ko taga, ya koma ya ɗauko mata kujera 'yar tsugune... ya tuna da bayanta, ya mayar, ya kawo doguwa. Ta zauna a gefen injin. Tururin shayi ya ɗauke. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta wuce. Rana ta janye daga kan kafet, ƙugun ya fara tuna mata da ƙwayar da ke can jikin taga, taku bakwai daga inda take.

Wajen ƙarfe biyu Nas ta hawo, daga aikin safe take, da farar rigarta da leda a hannu. Ta tsaya a matakala ta ƙarshe tana haki.

"Inna, faɗuwa kika yi?"

"A'a."

"Ƙofa ce ta kulle?"

"Ga ta nan a buɗe."

Nas ta cire takalma, ta ɗaga ƙafa. Hannun Inna ya cafke wuyan hannunta tun kafin ta san ya tashi.

"Kada ki taka."

Keken tela ya tsaya. Nas ta dubi layukan kafet, ta dubi kofin, ta hango ƙwayar maganin a gefensa, ta juyo ta dubi busassun leɓɓan uwarta. Inna kuwa fuskar 'yarta take kallo, kuma a fuskar ta ga ana haɗa jaka.

"Tun yaushe kike nan?"

"Ban daɗe ba."

Daga cikin ɗakinsa tela ya yi ɗan tari.

"Inna, wa kike jira?"

Inna ta sunkuyar da kai. Kunya ce kawai ta rufe ta.

Nas ta ajiye ledar. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi. "Ba mai zuwa ya shiga ɗakin nan. Baba ba zai zo ba, baƙo ba zai zo ba. Kin ce mini gidanki ne. In ba ki iya shiga, ni kuma ba zan bar ki a bakin bene ba. Ki zauna nan, in ɗauko miki kaya."

Inna ta saki hannun. Ta dafa mariƙin injin ta miƙe a hankali, ƙugun na ja. Ta zame silifas ɗaya, ta zame ɗayan. Ta ɗora ƙafar dama a kan kafet, ta ji laushinsa ya nutse a ƙarƙashinta, ta ɗora ta hagu. Ba wanda ya kira ta daga baranda. Ta tafi har taga, ta zauna, ta haɗiye ƙwayar da shayi mai sanyi. Sannan ta waiwaya. Ga sawayenta nan guda bakwai, sun yanke layukan ta tsakiya, ƙanana, na hagu yana ɗan jan ƙasa. Ba ta taɓa sanin haka take tafiya ba.

"Shigo," ta ce. "Ki bi ta gefe, kada..." Ta tsaya. "A'a. Taka ko'ina."

Nas ta shigo ta tsakiya, ta je ta ɗora ruwan zafi, ta dawo, ta sake komawa neman sukari, kafet ya koma kamar na kowa. Suka sha shayi. Da za ta tafi ta zaro tsintsiya daga bayan ƙofa ta sa a hammata.

"Gobe daga ƙofa za ki fara, ki gama a taga."

"Ba haka ake yi ba."

"Haka za ki yi. Watan bai ƙare ba, Inna."

Washegari daga ƙofa ta fara. Aikin ya yi muni: waya na shiga ƙarƙashin ƙafa, duk inda ta share sai ta taka, layukan sun karkace, da Mai Farin Hankici ta gani da a ranar za ta sallame ta. Ta kashe injin a jikin taga, ta zauna ta ɗauki kofi. Shayin da sauran zafinsa.